Yadda Za Ka Hana Ɗanka Aure Har Bizarsa Ta Fito

Kai mai girin kad, wato katin zama a Amurka, ka nema wa ɗanka na Kano izinin zuwa Amurka, aka ce layinsa na marasa aure ne, ranar da ya yi aure maganar ta mutu? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari zai tsufa yana tuzuru. Alhaji Sale, direban tirela da ke garin Pleasant Garden a Amurka, ya gwada su a kan ɗansa Ma'aruf.

1. Riƙe "saura kaɗan"
Kalma ce da ba ta tsami. Alhaji ya fara faɗinta Ma'aruf ba gemu, yau gemun har ya soma furfura. Duk wata ka leƙa layin a waya. In bai motsa ba, ka ce, "Ana kan processing." Turanci na sanyaya zuciya.

2. Nemo wa yarinyar aibi
In ya kawo maganar budurwarsa Rahina, kada ka ce a'a, ka ce za a yi bincike. Tono asalinta har kakan kakanta. In ba a samu komai ba, wannan ma abin tuhuma ne.

3. Fake da Sallah
Iyayenta sun ce ya turo manya? Bayan ƙaramar Sallah. Ta wuce? Bayan babba. Ka yi sa'a, duk shekara suna dawowa.

4. Aika hoton ɗaki
Alhaji ya gyara wa Ma'aruf ɗaki, ya sa gado, duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya kakkaɓe shi. Tsakani da Allah kewar yaron ke cinsa, yana tsoron ya mutu ba su sake kwana gida ɗaya ba. Kai ma aika hoto, amma kada ka faɗi wannan. Ce masa kawai, "Ga AC."

5. Kada ka manta da ƙanenka
Nan Alhaji ya yi sake. Ya manta a Kano baffa ma uba ne.

Wata Asabar da safe Ma'aruf ya kira ta bidiyo, ya sha babbar riga, maroƙi na ta aiki a bayansa.

"Baba, an ɗaura. Baffa ne ya karɓa min."

Alhaji ya rage murya kamar ofishin biza na bayan ƙofa. "To ai ba a rubuta ko'ina ba. Ranar interview ka ce ba ka da mata."

"Baba, shekarun nan duka a gaban kowa ta jira ni. Ba zan ɓoye ta ba."

Can Alhaji ya ce, "Miƙa mata wayar in sa mata albarka."

Gargaɗi
In ɗanka ya fi son matarsa da Amurka, ba hannuna, ba ƙafata, kada a neme ni. Mai son gado kuma ya tuntuɓi Alhaji Sale. Sabo ne fil, ba a taɓa kwana a kai ba.