Rasuwar Ɗan Hamsin a Cikin Durowar Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, nake sanar da rasuwar idon kyamarar kawuna, lens ɗin nan mai milimita hamsin da muke kira Ɗan Hamsin. Ya rasu a shagonmu na hoto yana da shekara shida, biyar da rabi daga ciki a kulle cikin durowa.

Marigayin bai san zuƙowa ba. In kana son kusanci, sai ka taka da ƙafarka, don haka bai taɓa shiri da malalaci ba. Idonsa kuwa ya fi na mage. Ɗakin da sauran ke neman fitila, shi hasken taga ya ishe shi. Yakan fito da fuska tsaf har gashin ido, ya narkar da bayanta kamar man shanu a rana. Aibinsa kaɗan ne: in an buɗe shi gaba ɗaya gefunan hoto kan yi duhu, kuma yana da nauyi. In yana neman fuska sai ka ji "zit, zit", sannan shiru.

Duk wannan a yini ɗaya na gano, ranar da Kawu ya tafi asibiti ya manta makullin durowar. Na ɗauki hoton telan da ke maƙwabtaka da mu yana zura zare a allura. Har yau hoton na rataye a shagonsa, har yau kuma Kawu ake yaba wa. Shi ko Kawun, godiya yake yi.

Me Kawu ya yi da wannan baiwa? Hoton fasfo! Mutum zaune ƙiƙam gaban farin ƙyalle. Ni da na yi shekara uku ina karanta haske da inuwa, in na miƙa hannu sai ya ce hannun yaran zamani rawa yake yi. Haka ake kashe sana'a: mai ƙwarewa ba kaya, mai kaya ba niyya.

Ajalinsa ya zo ta hanyar danshi. Funfuna ta yi saƙa a cikin gilashinsa, babu wanda ya lura sai da amarya ta fito a hoto kamar an leƙo ta ta hayaƙi. Mai gyara ya duba, ya ce da ana fita da shi yana shan iska da bai mutu ba. Kawu ya ce kwana ne ya ƙare. Kwana bai ƙare ba, rowa ce.

Ya bar kyamara ɗaya, murafu biyu, ƙyallen gogewa da ba a taɓa wankewa ba, da wani tsohon lens mai zuƙowa wanda bai kai ya riƙe masa jaka ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan shago. Masu zuwa ta'aziyya su bar nasu lens ɗin a gida, idona ba zai ɗauka ba. Kawu ya ce ni zan ɗauki gawar, tunda yanzu ko ta faɗi babu asara.