Ranar da na durƙusa a tsakiyar kwalta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunayen jikokina. Lokacin ina malamin kwantaragi a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin babban titin Dogon Dutsi, shekara huɗu ina jiran inspekta ya zo ya ga darasina ya ba ni maki, a ɗauke ni cikakken ma'aikaci. Matata Hadiza har ta gaji da jin "bana dai in Allah ya yarda".

Ana saura sati guda ya zo, aka shafa fararen layuka a kan kwalta daidai ƙofar lakwal, wurin ƙetarewar masu tafiya a ƙasa. Sai na ce to, ga darasi ya faɗo mini daga sama. Sauran malamai su yi ta lissafi a allo, ni waje zan fita da yara in nuna wa inspekta ilimi mai rai. (Girman kai ne kawai, yanzu na yarda.) Kwana biyar ina horar da yara arba'in da biyu: a tsaya a baki, a duba hagu, a duba dama, a sake duba hagu, a jira mota ta tsaya cik, sannan a wuce ba gudu ba wasa. Na kuma kafa musu doka: "Duk abin da kuka ga na yi, shi za ku yi. Wanda ya saɓa, ni da shi."

Ranar ta zo, ranar kasuwa kuma, titi cike. Inspekta ya tsaya gindin bishiya da littafinsa. Na ɗaga hannu, wata babbar motar albasa ta ja birki ta tsaya. Na shiga layukan nan ina taku kamar sabon jandarma, yara biyu-biyu a bayana. Na saci kallon inspekta, na ga yana gyaɗa kai. Wallahi har na fara tunanin rigar da zan sa ranar murna.

Muna tsakiyar titi, sai ga wani dattijo da sanda ya taho daga wancan gefen. Surukina ne, mahaifin Hadiza, ya zo kasuwa daga Matankari. Jama'a, ku da kanku kun sani, ba a gaida suruki a tsaye. Kaina bai yi shawara da ni ba. Kafin in ankara na tuɓe takalma, na durƙusa, na sunkuyar da kai: "Baba, ina kwana? An zo lafiya?"

Sai na ji ƙarar takalma a bayana, faca-faca. Na waiga. Yara arba'in da biyu sun tuɓe nasu, sun durƙusa a kan kwalta, suka haɗa baki: "Baba, ina kwana? An zo lafiya?"

Direban motar albasa ya leƙo ta taga yana dariya har da hawaye, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal: "Mushe, in kun gama ku gaida ni ma!" Amma dariyar ba ta daɗe ba. Wani ɗan kabu-kabu mai babur da ke bayansa ya ƙosa, ya zagayo motar a guje, shi bai hangi kowa ba tunda duk muna ƙasa. Ya taka birki, babur ya yi ƙara, ya tsaya taku biyu daga wata ƙaramar yarinya, takalminta ɗaya a ƙarƙashin taya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Surukina, mutumin da tun aurena bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya cafki wuyan rigata ya miƙar da ni. "Kai, mi kake yi haka? Na ba ka ɗiyata don ta yi takaba ne? Tashi ka fid da ɗiyan mutane daga hanya!" Shi ya ɗaga sanda ya tsare titi, ya zazzage ɗan kabu-kabun tas, ya ƙetarar da yaran ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na biyo su a ƙarshe, takalma a hannu.

Inspekta ya rufe littafinsa a hankali ya ce, "Mushe, ladabi ashirin bisa ashirin. Sauran kuma mu haɗu baɗi." Haka na ƙara shekara guda cur a kwantaragi, kuma ban ga laifinsa ba. Da na gaya wa Hadiza, sai da ta gama dariya sannan ta yi kuka.

Tun daga ranar, ko wa na hango a kan titi, sai na kai wancan gefe nake sanin shi. In gaisuwa ce, zan durƙusa har gwiwa ta yi ciwo, amma a kan ƙasa, nesa da taya. Baba ma ya sauƙaƙa mini. In ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga sanda ya yi ihu, kasuwa duk tana ji: "Ƙetare tukuna, Mushe! Na yafe!"