Kuka A Kan Harshena Da Giyarku Ta Lalata

Kafanchan,
14 ga Disamba, 1991.

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Giyar Ƙahon Ɓauna, tare da injiniyansa mai daraja, wanda aka ce shekara bakwai ya yi a Turai yana koyon ɗaci.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan Ubangiji ya ƙara wa ɓaunarku ƙaho, ni ne Silvanus Yakubu Bityong, tsohon hedimasta, mijin Lucia mai burkutu ta bayan layin dogo. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da muƙami guda wanda ba gwamnati ce ta ba ni ba: ni ne mai ɗanɗana wa matata. Duk ranar da tukunya ta nuna, kafin kowa ya sa baki, sai ta ɗebo a 'yar ƙwarya ta miƙo mini, ta riƙe ƙugu tana kallon fuskata. In na ce ta yi, ta yi. In na ce a bar ta zuwa azahar, ko Fada na coci ne ya aiko sai ya jira. Yau an tsige ni, kuma ina so ku san da hannunku a ciki.

Na ɗaya. Me ya kai ku zuba furen nan mai ɗaci na Turai a giyarku har haka? Ranar da abokina Rufus ya fara buɗe mini kwalbarku, kurɓar farko na ɗauka maganin zazzaɓi ne aka ba ni bisa kuskure. Hawaye suka zubo. Amma Rufus ya ce wai a kowane wata kwalba ɗari biyar kacal kuke yi, wai sai masu ilimi ke gane ta. To ni da na yi hedimasta, in ce ban gane ba? Na share ido na ce madalla.

Na biyu. Takardar da kuka manna a bayan kwalba ta ce a shinshina tukuna, a juya a baki, za a ji ƙamshin lemun tsami da na itacen daji bayan ruwa. Wata guda ina shinshina kamar karen farauta ban ji komai ba sai ɗaci. Abin haushin, Ranka ya daɗe, a wata na biyu sai na ji. Wallahi na ji lemun, na ji itacen, har da wani ɗumi da ke sauka a ƙirji ya zauna. Kwalba ɗaya ta sa na yi wa Rufus bayanin tarihin layin dogo tun daga Legas. Na ƙaunaci abar nan, ban ɓoye muku ba. Shin kun tambaye ni ko ina da wurin ajiye sabuwar ƙauna a waɗannan shekarun nawa?

Na uku, kuma nan ne wuƙar ta shiga. A watan jiya Lucia ta kira gayya don haƙar cittarta, mutum talatin. Wanda ya san gayya ya san ba a biyan kowa; tuwo da burkutu su ne godiyar, kuma da daɗin burkutun ake auna mutuncin mai gona. Kwana biyar tana fama, daga jiƙa dawa har dahuwa ta biyu. Ta miƙo mini ƙwarya. Na shinshina, abin da ban taɓa yi ba. Na juya a baki. Sai na ji kamar kunun yara. Na ce mata da saura, ba ta da ƙashi. Ta ce, "Baban Hellen, yaushe burkutu ta fara ƙashi?" Na ce ba za ta gane ba.

Da ta shiga wanka, ni da kaina, da digirina na hankali, na saro ɓawon maɗaci na jefa a tukunya. Ba kaɗan ba. Na ce bari mutanen ƙauye su ma su waye.

Washegari da rana ta take aka zagaya da ƙwarya. Dattijon farko ya kurɓa, ya dube ni, ya dubi Lucia, ya juya ya tofar a kunyar gona. Wani ya tambaya ko mutuwa aka yi a gidan. Kafin ƙarfe ɗaya kowa ya tuna yana da akuya da bai ɗaure ba. Rabin cittar ta kwana a ƙasa, mu biyu muka ƙarasa haƙarta cikin kwana tara, ba ta ce mini uffan ba sai "miƙo kwando".

Na huɗu. Yanzu maƙwabcinmu Gilbert ne ke ɗanɗana mata. Gilbert! Mutumin da ke zuba sukari cokali huɗu a koko. Ina zaune a kan kujerata a tsakar gidana, zai shigo ya karɓi ƙwaryata, ya lumshe ido ya ce, "Mama, ya yi kyau sosai." Ko ruwan wanki aka ba shi haka zai ce. Ina ilimin yake a nan?

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Mako uku ban taɓa kwalbarku ba. In na hango alamar ɓauna a shago sai in tsallaka titi kamar mai gudun tsohuwar budurwa. Shekaranjiya Lucia ta tausaya, ko kuma ta gaji da ganin fuskata, ta miƙo mini ƙwaryar. Na karɓa da hannu biyu. Na kurɓa, ban shinshina ba. Ranka ya daɗe, tsamin ya zauna daidai, zaƙin dawa na biye da shi a hankali, irin wadda ta yi shekarar da aka haifi Hellen. Na gaya mata haka, da dukan zuciyata.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karɓi ƙwaryar, ta ɗauraye, ta sake cikawa, ta leƙa ta katanga ta kira Gilbert ya zo ya tabbatar.

Don haka ba diyya nake nema ba, ba kuma na ce ku rage ɗacin ba, don in kun rage ni ne zan fara rubuto muku wata wasiƙar. Roƙona ɗaya ne. A ƙarƙashin bayanin lemun tsami da itacen daji akwai ɗan fili. Ku rubuta a wurin, da manyan baƙaƙe, cewa duk mutumin da matarsa ke yarda da bakinsa, ya mayar da kwalbar nan inda ya ɗauko ta.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran a sake kiransa bakin tukunya,

Silvanus Y. Bityong,
Tsohon hedimasta, tsohon mai ɗanɗano.