Karsanar Hajja da Katin Zabarinyo

"Ni Babayo, ko a duhu aka miƙo min katin ɗan ƙwallo, da yatsa kawai zan gaya maka na gaske ne ko jabu!"

Da bakin nan nawa na faɗi haka a teburin mai shayi na Ƙofar Wambai, ina bubbuga ƙirji har shayi na zubar min a wando. Kai mai karatu, kada ka yi dariya tukuna. Adana ta, za ta yi maka amfani a gaba.

Ilimin nawa kuwa, bidiyo ne na kalla a waya. Na ga Turawa suna rububin tsofaffin katunan 'yan wasa, irin waɗanda muke samu a cikin cingam muna yara, ana gwanjonsu a intanet kamar filaye. Kafin data ta ƙare na zama farfesa.

Elias, abokina mai gyaran janareta, ya ce, "Farfesa, kai ka taɓa sayar da ko guda ɗaya?"

"Jira ka gani," na ce.

Na koma gida na birkice tsohuwar adakata, sai ga katina na firamare: Zabarinyo, wani ɗan Birazil mai ƙafar hagu. Ya lanƙwashe, gefunansa sun cinye. Na ce wannan ƙaramin aiki ne. Na sa reza na daidaita gefen dama, sai na hagu ya karkace. Na daidaita na hagu, sai na sama ya fusata. Haka na yi ta yanka har na kusa yi wa Zabarinyo aski. Sannan na zuba gawayi a dutsen guga.

Matata Sa'adiyya ta leƙo. "Baban Humaira, takarda kake yi wa guga?"

"Ke dai ba ki san kasuwar duniya ba. Je ki duba tukunyarki."

Ina cikin yi mata wannan lacca na ji ƙauri. Na ɗaga dutsen, sai ga shatin hancin dutsen ya fito ɓaro-ɓaro a ƙirjin Zabarinyo, baƙi ƙirin. Sa'adiyya ta koma madafi, ina jin dariyarta tana karo da tukwane.

Ban karaya ba. Na hau Keke mai ƙafa uku zuwa Yelwa wajen Prosper, wani ɗalibi da aka ce yana sayen irin waɗannan tarkace. Ya juya katin, ya yamutsa fuska, ya ba ni abin da zai sayi taliya da ƙwai. Na karɓe da sauri, na ɗaga masa yatsa.

"Ka ji da kyau, yaro. In an saya, ba a mayarwa!"

"Na ji, Oga," in ji shi.

Na dawo ina tausayinsa. Yaron mutane, an turo shi karatu, ya gamu da gogagge.

Ba a jima ba, a wani shafin gwanjo na intanet, idona ya faɗa kan wani kati. Zabarinyo ne, amma wannan na manya: gefensa ruwan zinare, yana kwance cikin akwatin roba mai sheƙi, ga sa hannun ɗan wasan ƙato a kan ƙirjinsa. Sunan mai sayarwa Taskar Landan. Na ce wayyo, ashe wanda na ƙona talaka ne, ga ubangidansa.

Sai dai aljihuna iska ce kawai. Nan na tuna da karsanar da mahaifiyata Hajja take kiwata min a ƙauyen Miri, gadon mahaifina. Hajja na ji da ita fiye da yadda take ji da ni, kullum lissafinta ranar da za ta haihu a fara tatsa.

"Hajja, ki ba ni ita. Shanu biyu zan dawo miki da su, masu ciki."

"Wace sana'a ce haka, Babayo?"

"Ta zamani ce, ba za ki gane ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance wa karsanar igiya. Na kora ta kasuwa, na sayar.

Ranar gwanjo na zauna a shagon Elias, na miƙe ƙafa. Ina sa tayi, sai wani mai suna Sarkin Kati ya ɗora a kai. Na ƙara, ya ƙara. Na rubuta masa, "Yaro, je ka yi wasa, manya na ciniki." Ya ƙara.

"Babayo, fuskar katin kawai mai sayarwa ya nuna," in ji Elias. "Ka ce ya nuna maka baya."

"Kai janareta ka sani. Wa ya taɓa sayen bayan kati?"

Kuɗin ƙafafun karsana suka tafi, na bi da ƙirji, na bi da kai. Da na jefa wutsiya, Sarkin Kati ya yi tsit. Na yi tsalle har na buge kwanon baƙin mai. Na tura kuɗi da hantsi, kafin la'asar kaya sun iso daga Landan, a Keke. Elias ya ce, "Landan ɗin ta matso kusa." Na ce masa jiragen yanzu akwai sauri.

Da yamma na tara jama'a a teburin mai shayi. Na buɗe akwatin robar a hankali, na gyara murya.

"Yau zan koya muku sirri kyauta. Sa hannun gaske ba ya gogewa. Ku duba."

Na lashi yatsa, na murza.

Yatsana ya dawo baƙi. Sa hannun ya bi miyau, a ƙarƙashinsa kuwa wani tabo ya leƙo, mai siffar hancin dutsen guga. Na san tabon nan. Ni na haife shi.

Elias ya fizge katin, ya juya, ya ɓare farar takardar da aka manna a bayansa. Ya karanta da ƙarfi, ɗan banza, har da tsayawa a kowace kalma:

"Mallakin Babayo, aji huɗu. Wanda ya sata, Allah ya isa."

Mai shayi ya ajiye buta ya riƙe ciki. Wani tsoho ya ƙware da burodi. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Washegari na dira Yelwa. Na tarar da Prosper da sabon takalmi da wayoyi biyu a gabansa, ɗaya Taskar Landan, ɗaya Sarkin Kati.

"Ɓarawo! Katina ka sayar min!"

"Oga, ni kwalliya kawai na yi masa. Ƙonawa da yanka, wani gwani ne ya yi a Ƙofar Wambai. Kuma kai ka koya min, in an saya ba a mayarwa." Ya duba katin, ya girgiza kai. "Amma don mutunci zan saya. Taliya kawai, ban da ƙwai, tunda ka goge sa hannun."

Na fita ban yi masa sallama ba. Babu inda ya rage sai Miri.

Na sami Hajja zaune kusa da turken da babu kowa a kai. Na durƙusa, na miƙa mata katin, na ce ga abin da ya samu. Ta kai shi kusa da ido, ta juya gaba, ta juya baya.

"Wannan ne shanun?"

"Shi ne, Hajja."

Ta tashi, ta ɗauko igiyar karsana, ta ɗaure Zabarinyo a turke tamau, ta tura masa kwanon dusa. Sannan ta miƙo min ƙwarya.

"Ungo, ɗan zamani. Tsuguna ka tatso mana, ni ban san ta inda ake kama shi ba."