Rasuwar Mai Tari, Wadda Ta Mutu Kafin a Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta gaji da zirga-zirga, Madam Clémentine, ungozomar likitar Dogon Dutsi, wato asibitin garin, tana sanar da 'yan'uwa rasuwar motarta Mai Tari, a kan layin dogo kusa da Gusau, a damanar 1963.

Marigayiya ta zo nan Arewa, yankin Dogon Dutsi, da tsufanta, daga hannun wani Bature da ya koma gida. Ta yi hidima ba ƙorafi. Ta ratsa rairayin Geceme da na Dogon Kiriya ɗauke da mata masu naƙuda, jarirai da dama kuma a bayanta suka fara kuka. Kowace safiya takan gaida unguwa da "kuhu, kuhu, kurrr", sai an lallashe ta kafin ta tashi. A iya rayuwarta ba wanda ya taɓa hana ta hanya. Jakuna da raƙuma kaucewa suke yi. Ba ta san akwai abin da ba ya kaucewa ba, domin ƙasarmu ba ta da jirgin ƙasa ko ɗaya.

Ta ƙetara iyaka ta je Gusau ne ɗauko ƙararrawar majami'a. A mahaɗar hanya da layin dogo jirgi ya taka ta. Shoferenta Illo ya yi tsalle ya tsira da ransa, Allah abin godiya, amma 'yan sandan can suka riƙe permi ɗinsa, wato lasisin tuƙi, suka ce sai an gane mai laifi. Da wannan permi yake ciyar da gida biyu, nasa da na yayansa da ya rasu.

Madam ta yi ta sintiri tsakanin ƙasashen biyu har aka yi girbi. Mutanen jirgi suka ce jirgi ba ya karkata, kuma ya yi kuka tun daga nesa. Ta ce musu mahaɗar ba ƙofa, ba mai gadi, ga dawa ta rufe gani. Suka ce ba su suka shuka dawar ba. Da alƙali ya tambayi Illo, kansa a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, tana hawa ƙarfen ta mutu."

Tafinta ya juya maganar yadda ya ji ta. Alƙali ya bayyana wa Madam cewa in motar na da rai lokacin da jirgi ya iso, Illo ne ya kutsa da ita, kuma ya bar tuƙi ke nan. In kuwa ta riga ta mutu, gawa jirgi ya taka, laifin na marigayiya ne ita kaɗai. Madam ta so ta tsaya wa sunan tsohuwar abokiyarta. Ta dubi Illo. Ta yarda cewa motar ta riga ta mutu.

Marigayiya ta bar tayoyi uku, kujera ɗaya da madubi, da kuma Sha'ibu makaniki, wanda har yau yake rantsuwa cewa ya gyara ta sarai kafin tafiyar.

Za a kawo abin da ya saura a babbar motar gyaɗa ranar Asabar, a ajiye ƙarƙashin itacen bedin gidan Madam. Za a yi gajeriyar addu'a bayan la'asar, Kirista da Musulmi kowa da tasa. Akwai fura. Illo zai karɓi gaisuwa, permi ɗinsa na aljihu. Ana roƙon masu zuwa kada su tambaye shi ko injin yana ci lokacin da ya yi tsalle. Madam ba ta tambaye shi ba, kuma ba za ta tambaya ba.