Asabar Ɗin da Na Kawo Razdan Rara

A zamanin Turawa ni kaɗai na iya karatun boko a unguwarmu a Rara, kuma ban bari kowa ya manta da haka ba. Wata Laraba ƙanena Audu ya dawo daga Sakkwato da sabulu ƙunshe cikin jarida. Na warware ta, na nufi gindin tsamiyar ƙofar maigari, na gyara murya na karanta wa dattawa: Razdan, babban Baturen lardi, zai zagaya ƙasar Rabah ran Asabar, ya duba gonakin albasa.

"Mi ka ce, Malam?" in ji Baba Maigari. "Asabar wagga?"

"Ranka shi daɗe, ga shi a rubuce," na ce.

Kwana biyu anka yi ana sharar hanya. Anka jera duwatsu anka shafa musu farar ƙasa, mata sunka tara ƙwai, Innarmu ta ba da zakaranta guda ɗaya tilo. Ni kuwa na aro babbar riga na tsaya gaban kowa.

Ran Asabar munka gasu a rana har la'asar, ba abin da ya biyo hanyar sai jaki da kayan dawa. Sannan na duba saman jaridar a ɓoye. Ta bara waccan ce.

Yau tsamiyar ta faɗi, waɗanda sunka yi ta yi mani dariya sun kwanta dama. Da zan sake jin muryoyinsu, wallahi da na sake tsayawa cikin ranar nan. Audu kaɗai ya rage. Ko jiya da na leƙa shi, ya ɗago daga tabarma ya ce, "Yaya, Razdan ya iso, ko mu ƙara jira?"