Rasuwar Baƙar Aujara, Tukunyar Burkutun Gidan Jang

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda tsoro ma ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, ni Jang, mai gadi a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnati a nan Dutse, a madadin matata Chundung da 'yarmu Patricia, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyarmu ta dafa burkutu, wadda aka fi sani da Baƙar Aujara. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da hantsi, a kan murhunta, a bayan gidanmu da ke gefen Takur. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Desmond ne ya kashe ta, ɗan ƙanen matata, wanda ya ci tuwon gidan nan tun yana yawo da gajeren wando. Na faɗi sunansa tun daga farko don kada wani ya zo zaman makoki yana tambayata a kunne.

An haifi marigayiyar a wani ƙauye kusa da Aujara, a hannun wata tsohuwar maginiya mai suna Zinariya, Allah ya jiƙanta. Tsohuwar ba ta tambaye mu abin da za mu dafa ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ta dai ƙwanƙwasa cikin tukunyar da bayan yatsa, tukunyar ta amsa, ƙwal, kamar ƙararrawa. A bayan akori-kura muka kawo ta Dutse, an naɗe ta da ciyawa, Chundung tana rungume da ita duk hanya, tana yi wa direba faɗa a kowane rami.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Shekara ashirin da wani abu tana zama a kan wuta, ba ta taɓa yoyo ba, ba ta taɓa ƙona ƙullu ba. Idan aka jiƙa dawa ta tsiro, aka shanya, aka niƙa, ita ce ke karɓar dahuwar fari da ta biyu, kuma a cikinta burkutun ke kwana ya tashi. Duk wanda ya taɓa zama a bencinmu ya san muryarta idan abin ya nuna: ɓul, ɓul, ɓul, a hankali, kamar tsohuwa tana addu'a a cikin ɗaki. Albashin gadi bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba. Ita ce ta kai Patricia makaranta, ita ce ta yi mata kayan ɗaki.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Jang yana yabon maye. Na sha faɗa wa mashayin da na tsinta a kwata cewa alade ya fi shi daraja, domin alade bai biya kuɗi kafin ya kwanta a wurin ba. Mun san garin da muke zaune, kuma muna ganin girman mutanensa. Ba mu kafa allo ba, ba mu kunna kiɗa ba. Ba mu sayar wa ɗan Musulmi, ba mu sayar wa ɗan makaranta. Ƙwarya uku ce iyakar namiji, daga nan ya tashi ya tafi wajen iyalinsa da ƙafafunsa. Sannan akwai dokar da muka taho da ita daga gida Filato, wadda ta girme ni, ta girmi ubana: wadda ta dafa ita ke fara sha, a gaban kowa, kafin a miƙa wa baƙo. In akwai mutuwa a cikin tukunya, to ta fara da mai tukunyar. Chundung ba ta taɓa tsallake wannan ba ko sau ɗaya.

Ciwon ajalin marigayiyar ya faro ne daga kasuwa. Kwanon dawa a kasuwar Shuwarin ya yi tashin da ban taɓa gani ba. Itace ya bi shi, niƙa ya bi, har 'yan garuwa suka ƙara. Kuɗin ƙwarya ya ninka, kafin mu saba da shi ya sake ninkawa. Chundung ta ƙi ƙara ruwa, ta ƙi rage girman ƙwarya, ta ce gara a ce ta yi tsada da a ce ta yi ha'inci.

A nan na ga halin mutane. Da farko magidanta biyu suka riƙa haɗa kai a ƙwarya ɗaya, kowa yana kallon maƙogwaron ɗan'uwansa. Wannan ban ga laifinsa ba, har na ce tsadar ta yi abin da wa'azina ya kasa. Wasu suka koma zuwa ranar albashi kawai. Amma akwai waɗanda ba daɗin dawa ya taɓa kawo su ba, kuma su ne suka fara ƙorafi. Bitrus mai walda ya ajiye ƙwarya wata rana ya ce, "Maman Patricia, wannan fa kunu ne. Kuɗi ya hau, kai bai juya ba."

Ta ce masa, "In juyawar kai kake nema, je ka hau lilo, kyauta ne."

Aka yi dariya, amma bayan mako guda na lura da ƙananan kwalabe a aljihun mutane. Mutum ya sayi ƙwarya ɗaya, ya juya baya, ya tsiyaya wani farin ruwa a ciki, don ɗaya ta yi masa aikin uku. Goskolo ke nan, muguwar barasar da ta cinye samari a garinmu na Filato har muka gaji da haƙa kabari. Na kama biyu na kore su. Washegari benci ya zama rabi.

Da na bi sawu, sai na tarar a cikin gidana ɓarnar take kwana. Desmond ya sayi babur, yana ɗauko abin a jarka yana ɗurawa a kwalabe. Na tsare shi a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, zamani ya canja. Mutane ba ɗanɗano suke saye ba yanzu, mantuwa suke saye, kuma tawa ta fi araha."

Na ce, "To, sha a gabana."

Ya yi dariya ya ce likita ya hana shi, yana da gyambon ciki. Ku riƙe wannan, ku da kuka saya a hannunsa. Bai taɓa kai abin da yake sayar muku bakinsa ba.

Ana haka Patricia ta haihu a Kiyawa, inda take aure. Chundung ta riga ta gama dahuwa, saura burkutun ya tashi, ni kuma ina wurin aiki. Desmond ya ce, "Anti, ki tafi ki ga jikanki, ni zan kula da tukunya." Ta yarda, domin a bayanta ta goya shi. Tana fita ya kwashe rabin burkutun ya sayar don aljihunsa, ya cika tukunyar da ruwa. Don kada a ji salam, ya juye nasa a ciki. Kuma nasa na wannan makon ba goskolo ba ne zalla. Shi ma goskolon ya yi tsada, saboda haka ya haɗa shi da ruwan da masu fentin mota ke tsinka fenti da shi. Da bakinsa ya faɗi wannan a gaban dattawa, ba ƙage nake yi masa ba.

Chundung ta dawo ranar Asabar da safe, mutane sun riga sun zauna. Ta tarar da marigayiyar shiru, babu ɓul ko ɗaya. Ta ɗiba ta kurɓa kamar yadda ta saba, ta ɓata fuska. Da wani ne da ya tofar ya zubar. Amma ita mai dahuwa ce, a zatonta ita ta yi kuskure, kuma tana so ta san inda ta yi shi. Ko tsiron ne bai bushe ba? Ko ruwan ne? Ta ɗibo na sama ta sha, ta ɗibo na tsakiya ta sha, ta zura ludayi har ƙasa ta sha. Tana neman laifinta a cikin gubar wani. Daga ƙarshe ta juyo ta ce, "Yau babu. Kowa ya tafi gida."

Bitrus ya ce, "Haba Mama, ko a rabin kuɗi ne ki ba mu mana."

Ta kwashe burkutun bokiti bokiti ta zubar a bayan katanga. Maza sun fi goma a bencin nan a ranar. Wasunsu sun tafi suna zaginta. Ina so su sani yau cewa da idonta ta fanshi nasu.

Ranar Lahadi ta kasa zuwa coci, amai da ciwon kai. Muka ce gajiyar hanya ce. Ranar Litinin da rana tsaka ta kira ni ta ce, "Baban Patricia, wa ya hura ɗanyen itace a ɗakin nan? Hayaƙi ya cika ko'ina." Na duba. Babu wuta a gidan gaba ɗaya.

Maƙwabcinmu Malam Barau, wanda ya shekara ashirin yana yi mini nasiha a kan tukunyar nan, shi ya ɗauke mu a adaidaita sahunsa zuwa asibiti, bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma ce ai na faɗa maka ba. Likita ya haska idonta, ya tambayi abin da ta sha. Ya ce gubar ta taɓa jijiyar ido. Na dama yana ganin haske da inuwa. Na hagu babu komai. Na ce zai dawo? Ya ce mu je Kano, mu kuma yi addu'a.

Ni mai gadi ne. Na taɓa tsayawa gaban ɓarayi da gora kaɗai a hannuna, gabana bai faɗi kamar yadda yake faɗuwa yanzu ba. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar ɗaki ban yi magana ba, ina jiran ta ce ta gan ni. Sai na yi tari take juyowa. Jiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, hannun ya wuce ta gefensa. Patricia ta kawo jaririn, Chundung ta shafa fuskarsa da yatsu ta ce, "Wa ya ɗebo?" Ina tsoron ranar da na daman ma zai rufe. Ina tsoron kada fuskar ƙarshe da ta gani sosai a duniya ta zama ta mutanen da ke zaginta a kan benci.

Kuma abin bai ƙare a gidana ba. Kwalaben da Desmond ya ɗura a wannan makon suna hannun mutane, shi kansa bai san su duka ba. Duk mai guda ya juye ta a masai yau. Duk wanda ya sha, ya fara ganin hayaƙi inda babu wuta, kada ya jira gari ya waye, kada ya ji kunyar likita.

Ita kuwa marigayiyar, mun yi iya ƙoƙarinmu. Na wanke ta da toka, na wanke ta da sabulu, na kifa ta a rana. Amma tukunyar ƙasa tana shan abin da aka zuba mata, warin ya shige jikinta ya ƙi fita. Na ƙwanƙwasa ta, maimakon ƙwal sai ta ce ɗus. Ranar Alhamis na cika ta da ruwa na ɗora a wuta, ko tafasa za ta fitar da shi. Ba ta kai ga tafasa ba. Ta ce tas, sau ɗaya, ta tsage daga baki har gindi, ruwanta ya kashe wutar da ke ƙarƙashinta. Chundung ta jiyo daga ɗaki ta ce, "Ita ce?" Na ce ita ce. Ta juya fuskarta bango.

Ta rasu ta bar muciya ɗaya, ludayi biyu, rariya, duwatsun murhu uku da suka ɗauke ta duk rayuwarta, da ƙore masu yawa waɗanda ba su da sauran aiki. Ta bar awaki huɗu da suka saba cin dusarta, suna ta kuka a bayan gida. Ta kuma bar mashaya, amma su ba na karɓar ta'aziyyarsu, kuma ba na yi musu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar, a gindin darbejiyar bayan gida. Ramin zai yi zurfi. Kada kowa ya roƙi tsingaronta don ba kaji ruwa ko tare ƙofa, domin da gubar za a binne ta. Za a ba masu zaman makoki kunun zaƙi da ruwa. Za a laluba aljihun kowa a bakin ƙofa, ni da kaina, aikina ne. Masu tambaya ko za a sayi wata tukunya su daina. Wadda za ta fara sha ba ta ganin ƙwarya.

Dattawan ƙungiyar 'yan garinmu sun zauna a kan Desmond. Na so a miƙa shi ga hukuma, Chundung ta ce ba za ta ɗaure ɗan ƙanenta ba. Na bi ta, amma in wani ya sake faɗuwa saboda kwalabensa, da hannuna zan kai shi. An zubar da jarkokinsa an ƙone su. An sayar da babur ɗin, kuɗin na asibitin Kano ne. Shi zai haƙa kabarin, shi kaɗai. Daga ranar Litinin shi ne ɗan jagoranta, zuwa asibiti, zuwa coci, zuwa duk inda ta ce. In idonta ya buɗe, ya koma Filato kada ya sake taka Dutse. In bai buɗe ba, sandarta tana hannunsa har ɗayansu ya mutu.